Turaren Aurena da Cikin Yayata

Ku da kuka saba ina ba ku labarin Sadiƙ kuna dariya, yau sai dai ku yi haƙuri da ni. Sau uku ina fara rubutun nan ina gogewa. Wata a cikinku ta rubuto mini tana tsokana, wai "Anisa, tunda aka kawo walis kika ɓace, ko daɗi ne ya yi miki yawa?" 'Yar uwa, ina ma daɗin ne ya ɓoye ni.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce Anisa, autar gidan Malam Magagi tela a nan Filinge. Shekarata ashirin da biyu. Sadiƙ kuma shi ne wanda zan aura, ma'aikacin jinya ne a wani ɗan asibitin ƙauye can wajen Tabla, mutumin da ko hira muke yi sai ya tambaye ni ko na sha ruwa. Mu biyu Inna ta haifa mata, ni da Yaya Samiratu wadda take aure a Bonkuku shekara biyar ke nan.

A gidanmu akwai abin da muka gada daga kakarmu. Amarya ba ta sayen turaren wuta a kasuwa. Wadda ta riga ta aure a ɗakinsu ita take haɗa mata da hannunta, kuma ba a kunna shi sai ranar da dangin ango suka kawo walis, wato akwatunan lefe, don su shaƙa su san irin gidan da suka shigo. Yaya kuwa a wannan fanni ba ta da na biyu. Matan Bonkuku har layi suke yi mata. Tun ina aji uku nake yi wa ƙawayena alfahari cewa ranar nawa auren sai an ji ƙamshi daga tasha.

An riga an ɗaga kawo walis ɗin sau ɗaya, lokacin da Baba ya kwanta ciwon ƙafa. Tanti Saratu, ƙanwar mahaifin Sadiƙ, wadda ita ce uwar tafiyar, ta aiko mana da saƙo ba kwana-kwana. Ta ce su manoma ne, in aka sake ɗagawa ruwa ya sauka, to kowa ya kama gonarsa, sai bayan an ɗaure hatsi. Wata shida ke nan. Ni kuwa a lokacin ko mako shida ji nake kamar shekara, ba sai na ɓoye muku ba.

Saura kwana tara Yaya ta sauka. Na fita da gudu na tarye ta, na ga ta rame, leɓɓanta sun bushe, ga lemun tsami a hannunta tana shinshinawa. Na ce zafin hanya ne, bazara ce, kowa ya shigo motar kasuwa haka yake sauka. Ta gaida Inna daga bakin ƙofa. Inna ta amsa tana kallon tsintsiyar hannunta, don Yaya 'yar fari ce, ban taɓa jin Inna ta kama sunanta ba tunda na yi wayo. "Mutuniyar Bonkuku" take ce mata, in kuma ta ji haushi, "waccan".

Muna shiga ɗakinmu na can ƙuryar gida Yaya ta turo ƙofa, ta durƙusa kan bokiti. Na riƙe mata goshi har ta gama.

"Yaya, mi ke damunki? Masassara ta?"

Ta goge baki da gefen mayafi, ta ɗago ta dube ni, sai ta yi murmushi.

"Wata biyu," ta ce.

Na buɗe baki zan yi guɗa, ta toshe mini shi da tafin hannunta.

"Ke Auta, rufa mini asiri. Daga ni sai Hamidu sai ke. Ko Inna ba ni so ta ji sai ya yi motsi. Rantse."

Na san dalili. Wannan ne cikinta na uku, biyun farko duk sun zube kafin wata uku. Inna ba ta iya faɗin sunan Yaya, amma ba ta iya ɓoye murnarta ba. Duk sau biyun, tana jin labari ta tafi kasuwar Baleyara ta sayo bahon wanka da 'yan riguna, ta ratso unguwa da su a ka. Da abin ya faru, tsofaffi suka ce baki ne, ciki ƙarami ba ya son ido. A na biyun, cikin kuka, Yaya ta ce, "Inna ta tallata ni." Ba ta san Inna na bayan labule ba.

Na rantse mata da Allah. Mijinta Hamidu yana Lome wajen fatauci, kullum sai ya turo mata murya a waya yana tambayar "baƙonmu". Na ce da ita, to turaren fa, za ta iya? Ta harare ni.

"In ban haɗa miki ba wa za shi haɗa? So kike Tanti Saratu ta ce gidanmu ba a san hannu ba?"

Ku lura, ban ce mata ta bari ba. Tambaya kawai na yi, irin tambayar da mutum yake yi yana addu'ar kada a ce a'a.

Wanda bai taɓa ganin ana haɗa turare ba yana zaton aikin ƙamshi ne. Ƙarshensa ne ƙamshi. Farkonsa sai an jiƙa farcen turare an kankare, a soya shi, kuma ƙaurinsa kamar an ƙona gashi. Sai a narka sukari a tukunya har ya yi ja, a zuba itacen sandal da hawi da suka kwana uku cikin turaren ruwa, a yi ta juyawa kan garwashi, hayaƙi yana dukan fuska. Mai lafiya ma sai kansa ya sara. Yaya kuwa a lokacin ko albasa aka yanka a maƙwabta sai ta sani.

Ta ɗaure hancinta da ɗankwali biyu, ta zauna a bayan ɗaki kan 'yar kujera, muciya a dama, bokiti a hagu. Ta juya sau goma, ta juya kai ta yi amai, ta kurkure baki, ta koma. Na ce ta nuna mini in yi, ta ce hannuna ba ya cikin al'adar, amarya ba ta taɓa nata. Na ba ta kunu ya dawo. Na ba ta fura ta dawo. Na sayo ƙanƙara ta tsotsa, ita ma ba ta zauna ba. Yawu kuwa har gwangwani ta ajiye masa.

Inna tana fita da sassafe sayayyar biki, ta dawo la'asar a gajiye. Muka ce mata gyambon ciki ne ya tasar wa Yaya. Ta ce, "Uhm." Washegari na ga ta ajiye ƙullin citta da tsamiya a bakin ƙofarmu.

Ranar Laraba, saura kwana uku, Yaya ta tashi za ta zagaya, jiri ya kwashe ta, ta dafe bango. Na kamo ta na kwantar. Idanunta sun faɗa, harshenta fari fat. Ta riƙo hannuna.

"Auta, tun jiya da azahar ban yi fitsari ba. Tsoro nike ji. Tambayar mini Sadiƙ, amma kar ki ce ni ta. Ce wata ƙawarki."

Na ɗauki waya na fita gindin bedi, dogon yaron da ke tsakar gidanmu. Ga abin da muka rubuta, ban goge ko ɗaya ba, ko da yake sau da yawa yatsana ya je kai.

Na rubuta: "Likitana, tambaya gare ni. Wata ƙawata ce ke laulayi, wata biyu, komi ta ci sai ya dawo."

Ya amsa nan take: "Amaryata ta zama sajfam mai karɓar haihuwa ke nan? Ruwa yana zama?"

"Ba ya zama."

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu. Kuma ta ce fitsari ya ɗauke mata, tana ganin jiri."

Sai na ga ya daina rubutu, ya turo murya. Na kara a kunne. Babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Anisa, saurara da kyau. Wanga ba laulayin da a ka zama gida da shi ba na. Jikinta ya ƙahe. A kai ta matanite yau, ba gobe ba, a sa mata serom, a ƙara mata ruwa. Kahin ku tahi ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, cokali-cokali, ta nisanci wari da hayaƙi. Amma kurɓar nan ba magani ba ta, a kai ta. Kin ji ko?"

Na ji. Wallahi na ji, sau biyu na saurara. Na tsaya a gindin bedin nan ina lissafi. In aka kai Yaya matanite, wato asibitin haihuwa, Filinge ce, kafin a ɗaura mata serom labari ya kai kasuwa. Inna za ta sani, rantsuwata ta karye. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina, kuma dalili ne mai kyan gani. Amma a ƙarƙashinsa akwai wani. In aka kwantar da ita, Inna ba za ta karɓi baƙi 'yarta na gadon asibiti ba. Tukunya ta ƙarshe ba a soya ba. Tanti Saratu za ta ce sai bayan damina. Na ce a raina kwana uku ne kawai, Lahadi da safe ni da kaina zan kai ta ko da tsiya.

Na koma ɗaki. Ta ɗago kai tana jira.

"Mi yac ce?"

"Ya ce laulayi na, haka yake yi ma wasu. Ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, cokali-cokali."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi, ta ce dama tsofaffi na cewa laulayi mai wuya ɗa mai ƙwari. Abin da na ƙara a maganar Sadiƙ bai taka kara ya karya ba. Rabinta kawai na cinye, kuma har da maganar hayaƙin.

Ranar Alhamis da safe saƙonsa ya shigo: "Ƙawar taki fa? An kai ta?"

Na rubuta: "Ta samu sauƙi." Na haɗa masa da hoton fure.

A ranar Yaya ta soya tukunya ta ƙarshe, rabin aikin a kishingiɗe. Ni na riƙa hura mata garwashi ina ba ta ruwa a cokali, kamar cokalin zai wanke ni. Da ta gama ta cika kwalabe bakwai, ta ɗaure bakinsu da leda, ta rarrafa ta shiga ɗaki. Na leƙa bayan la'asar na same ta kwance ta fuskanci bango, bakinta yana motsi, hawaye na bin gefen hancinta. Na ɗauka zafin ciwo ne, na ja mata ƙofa.

Juma'a da yamma ta sha kunu rabin kofi, ya zauna. Asabar da safe, ranar walis, na farka na ga ta zaune tana taje kai.

"Auta, akwai sauran tuwon jiya? Ɗumame nike so."

Jama'a, har sujada na yi. Na ce Allah ya rufa mini asiri, ƙaryata ta zama gaskiya. Ta cinye ɗumamen nan tas, ta sha ruwa kofi guda, ta saka leshinta ruwan toka, har da jan baki. Sai dai ba ta yarda ta zo inda ake turare ba, ta tsaya can wajen masu girki da ɗankwali a hanci.

Ni kuwa aka saka ni cikin shadda ruwan zuma wadda Baba ya ɗinka da kansa, aka ɓoye ni a ɗakin Inna ina leƙe ta labule. Akwati huɗu suka kawo. Inna ta zuba garwashi a kasko, ta buɗe kwalba ta farko, ta barbaɗa. Kafin hayaƙin ya kai zaure mata sun yi tsit. Tanti Saratu, wadda ko gaisuwa ba ta amsawa da baki biyu, ta lumshe ido.

"Wa ya haɗa wanga?"

Aka ce yayar amarya.

"To lalle mun shigo gida," ta ce. Aka ɗauki guɗa. Aka sa rana, mako biyar. Na yi ta murna, ba zan ce muku ban yi ba. Lahadin da na yi alkawarin kai Yaya asibiti ta zo ta wuce, ban ko tuna ba, ina ta buɗe atamfofi ina ɗaukar hoto.

Litinin da hantsi ina shanya a tsakar gida na ji ta kira ni daga banɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Na je. Na ga zanenta duk jini. Ban san na yi ƙara ba sai da na ga Inna ta yar da ƙwaryar hannunta ta taho da gudu, ba ɗankwali.

"Samiratu! Samiratu, ɗiyata!"

Shekara ashirin da biyu ina gidan nan, ranar na fara jin sunan a bakinta.

Maƙwabcinmu ya kai mu a motarsa. Aka shiga da Yaya, aka bar mu a benci ni da Inna. Na ga babu sauran abin ɓoyewa, na ce, "Inna, ciki gare ta. Ta ce kar in hwaɗa miki."

Inna ba ta dube ni ba.

"Ni za ki hwaɗa ma? Tun ranar da ta sauka da lemu a hannu na sani. Ni na haife ta." Ta share fuska da bakin zane. "Sau biyu anka ce bakina na. Nic ce wagga karon ko mutuwa za ni yi ba ni buɗe shi. Kullum ina jin amanta daga ɗakina, in tashi in kai ƙohwa, in komo. Da na sani da na yi magana an zage ni."

Na so in ce mata ke ba ki san abin da na sani ba, ke ba likita ya gaya miki ba. Amma na bar ta da nata kayan.

Sajfam ɗin, wata dattijuwa Madam Habsa, ta fito bayan an yi hoton ciki. Ta ce sai haƙuri, cikin ya riga ya tsaya tun kafin jinin, shi ya sa aman ya lafa. Ta ce jikin Yaya ya ƙafe ƙwarai, sun sa mata serom, za su wanke mata ciki ta kwana biyu. Na tambaye ta tun yaushe ya tsaya. Ta ce ba a iya cewa daidai, kwana uku, ko biyar, ko mako. Tun daga ranar nake ƙirga kwanakin nan da yatsu. In mako ne, kafin Laraba ke nan. In uku ne, bayanta ne.

Da la'asar Sadiƙ ya iso a kan babur, Baba ne ya kira shi. Ya shigo ɗakin da rigar aikinsa, ƙura har gira, ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya matsa wajen gadon. Ni ina tsaye ta wajen ƙafafunta ina riƙe da kofi.

"Yaya, sannu. Allah shi mayar da alheri."

"Amin, ƙanena." Muryarta da kyar take fita. "Ka yi haƙuri mun ɓoye maka. Ƙawar nan da Auta ta tambaye ka, ni ta. Kuma walle na bi abin da kac ce. Cokali-cokali, ban hwasa ba. Allah dai bai nuhwa ba."

Sadiƙ bai motsa ba. Ya dubi jakar serom, ya dubi hannunta. Sannan ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Kallo ne irin na wanda ya zo gidan da ya sani ya tarar an canza ƙofa.

"Abin da anka hwaɗa miki ke nan?" ya tambaye ta a hankali.

"Awo. Ko akwai wani?"

Ya ce, "Huta, Yaya. Kar ki yawaita magana." Ya gyara mata bututun serom ɗin da ba abin da ya same shi, ya fita.

Na bi shi har inda ya ajiye babur. Na ce Sadiƙ, ya ce na'am. Na rasa ta inda zan fara, sai na tambaye shi abin da yake cina.

"Da an kawo ta Laraba, da cikin ya tsaya?"

Ya daɗe yana kallon makullin hannunsa.

"Ba ni yi miki ƙarya don ki ji sanyi, ba ni kuma ɗora miki abin da ban sani ba. Galibi cikin da za shi zube a watannin nan, zubewa shikai ko an yi mi. Serom ba shi riƙe ciki. Mai yiwuwa ko kin kawo ta haka za a yi. Allah kaɗai ya sani." Ya ɗago. "Amma ita fa? Kwana nawa tana ƙahewa a gabanki? Mace na mutuwa da wanga abu, Anisa. Kuma kinka turo mini fure."

Ya tada babur ya tafi. Daga ranar bai kira ba, bai rubuto ba. Ni ma ban iya ba. Ina ganin ya hau ya sauka a waya, ina kallon sunansa kamar mai gadi.

Ranar Laraba aka sallamo Yaya. Hamidu ya kira daga Lome, na ji shi yana ba ta haƙuri yana kuka, ita tana ba shi. Jiya Alhamis bayan azahar, gidan ya yi shiru, Inna ta tafi kai wa Baba abinci shago. Yaya na kwance a tabarma a ɗakinmu, kwalaben nan shida da suka rage suna jere a kan akwatina.

"Auta, ɗebo garwashi."

"Na mi, Yaya?"

"Sa mini turaren nan in ji. Ni na haɗa shi amma ban san ƙamshinshi ba. Ko ranar walis ban yarda na shaƙa ba, tsoro nike kar shi tada mini zuciya." Ta yi wata 'yar dariya. "Yanzu ba abin da za shi tada."

Na kawo kasko, na barbaɗa. Hayaƙi ya tashi. Ta ja numfashi mai tsawo, ta rufe ido.

"Ya yi," ta ce. "Sukarin ya so shi yi yawa, amma ya yi."

Sai hawaye suka zubo mata. Ta jawo ni na zauna kusa da ita.

"Akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba, ko Hamidu. Ranar Alhamis ɗin nan da na gama tukunya ta ƙarshe, na kwanta, na ji ba ni iyawa kuma. Nic ce ya Allah, in wanga ciki na ke yi mini haka, ka raba ni da shi in huta. Da bakina, Auta. Shekara biyar ina roƙo, rana guda na ce a ɗauke, anka ɗauke. Ba bakin Inna ba na, ba na kowa ba. Nawa na."

"Yaya, ba haka ba ne, wahala ce ta..."

"Sadiƙ da kanshi ya ce laulayi na kawai, kowa na yi. Wasu matan na haƙuri. Ni ce ban iya ba."

Kun ji inda rabin maganar da na cinye ta je ta tsaya. Da na gaya mata duka, da ta san ba raki take yi ba, ciwo ne na asibiti. Da Alhamis ɗin nan tana kan gado da serom a hannu, ba a gaban garwashina ba, kuma da wataƙila ba ta kai inda za ta yi wannan roƙo ba. Cikin ban san ko da ya tsaya ba. Wannan kuwa na sani.

Ta kama hannuna ta matse.

"Ke dai Allah shi yi miki albarka. Dut duniya ke kaɗai kinka riƙe mini amana."

Wayata ta yi ƙara a kan cinyata. Sadiƙ ne, karo na farko cikin kwana uku.

"Ina ƙofar gidanku, na zo duba Yaya. In ta sake tambayata ko akwai wani abu, ba zan ce mata babu ba. Na fi so ta ji daga bakinki. Zan tsaya minti biyar kafin in yi sallama."

Na karanta sau biyu. Na dubi kwalaben, na dubi akwatunan, na dubi Yaya da take shaƙar turaren aurena idonta a rufe, hannunta cikin nawa. Ban san minti biyar ba ta da tsawo ba sai jiya.

"Salamu alaikum," muryarsa ta taso daga zaure.

Yaya ta buɗe ido, ta fara gyara ɗankwali.

"Angonmu na. Tashi ki ce mishi shi shigo."

Ban tashi ba. Na ƙara riƙe hannunta, da hannu biyu wannan karon, don na san tana iya fizgewa.

"Bari shi jira, Yaya," na ce. "Saƙon da ya ba ni ranar Laraba, ban hwaɗa miki shi duka ba."